Ƙofar Aji Na Goma Sha Huɗu

Shafi na 27

Masu cika mini akwatin saƙo da cewa Emmett ba mugu ba ne, basira ce kawai ta yi masa yawa, ku matso gaba ku sami wuri. Yau ku ne manyan baƙina.

*

Ƙarfe goma na safiyar Asabar Rhonda ta hawo benen. Tun daga ƙasa Emmett ya gane takunta, don duk Toledo babu mai taka matakala kamar ta yi mata laifi sai yayarsa.

Bai tashi ba. Yana zaune gaban allon zanensa na kwamfuta daga shi sai gajeren wando da safa ƙafa ɗaya, gahawar jiya ta sandare a kofi, yana ta fama da hancin wani butum-butumi.

"Turo, a buɗe take," ya ce tun kafin ta ƙwanƙwasa. "Kin san mu 'yan gidan Varga ba mu iya barin ƙofa a rufe ba."

Ta shigo ta tsaya. Ba ta cire rigar sanyinta ba, ba ta ajiye jaka ba. Idanunta sun yi luhu-luhu.

"Abin dariya ka ɗauke shi ko?"

"Ron, komai abin dariya ne in an iya zana shi. Ture takardun nan ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Shekara shida ke nan Emmett yana sakin zanen barkwancinsa a intanet duk Talata da Juma'a, Makarantar 2099. Makaranta ce ta nan gaba wadda tsaro ya yi wa yawa har karatu ya rasa wurin zama. An hana fensir saboda tsininsa, yara da dafaffiyar taliya suke rubutu. Fita wasa a cikin tankar yaƙi ake yi, ɗaya bayan ɗaya, minti biyu-biyu. Wanda ya zo na ɗaya a aji, kyautarsa a bar shi ya leƙa taga. Shugaban makarantar kuwa wata ƙofar ƙarfe ce mai magana. Iyayen da ke sauke 'ya'yansu bakin makaranta kullum gabansu na faɗuwa su suka fi kowa son abin, don dariyar ta fi musu kuka sauƙi.

To amma Emmett bai iya ƙirƙira ba, tsinta ya iya. Duk Lahadi a gidan Mama ana cin kaza da miyar jan barkono, Rhonda na juye gajiyar mako, shi yana tsince. Shekara goma sha tara tana koyar da 'yan aji ɗaya a firamaren Alder Creek, kuma rabin Makarantar 2099 daga bakinta ya fito. Ba ta taɓa damuwa ba. Har jikin firij ɗinta take liƙa waɗanda suka fi ba ta dariya.

Sai wannan na sati uku da suka wuce.

An yi atisayen kulle a makarantarsu ba sanarwa, irin wanda ake yi don shirin ko mai bindiga ya shigo. Ƙararrawa ta kaɗa, kowane malami ya danna sakata, ya kashe fitila, ya tara yaransa a lungu. Doka ɗaya ce kowa ya haddace: in ka rufe, ka rufe ke nan. Ko wa ya buga, ko da wace murya, ba a buɗewa, don mai bindiga ma ya iya tura yaro gaba. Ranar sai ga wani yaro da ƙararrawar ta rutsa da shi a baranda yana dukan ƙofar Rhonda yana kuka. Ta buɗe. Ta jawo shi ciki, ya riga ya jiƙa wandonsa. Babu wanda ya gani, yaranta ashirin da biyu suna tsugune bayan kabad kawunansu a ƙasa. Da aka kawo takardar rahoto, ta rubuta cewa ƙofarta ba ta motsa ba, ta sa hannu.

Ranar Lahadi ta ba da labarin a tebur, hannunta na rawa. Ta sa Emmett ya rantse da kabarin Baba ba zai taɓa shi ba. Ya rantse. Ranar Juma'a ya sake shi.

"Litinin ƙarfe goma," ta ce. "Kwamitin makarantu zai zauna a kaina."

"Na gani a jarida. Hoton da suka sa bai yi miki adalci ba."

"Emmett."

"To, ina ji."

"Abu biyu nake so. Ka goge bidiyon nan. Sannan ka rubuta musu cewa ƙirƙirar labarin ka yi, ƙofata kawai ka ara don hotonta ne a kusa."

Ya ajiye alƙalamin, ya juyo da kujerar.

Zanen da kansa da bai tona mata asiri ba. Gida huɗu ne. Na farko ƙararrawa. Na biyu wani yaro mai ƙaton kai a baranda ya harɗe ƙafafu. Na uku ƙofar ƙarfe tana ce masa, "In kai maharbi ne danna ɗaya. In kai yaro ne danna biyu, ka jira kwanaki uku na aiki." Na huɗu malama ta buɗe, yaron tsaye cikin tafkin fitsarinsa, ƙofar na rataya mata lambar yabo: Gwarzuwar Da Ta Kashe Ajinta Saboda Tausayi. Mutum miliyan biyu suka gani. Suka raɗa wa yaron suna Ɗan Tafki, yanzu har riguna ake bugawa da fuskarsa.

Abin da ya kashe ta bidiyon ne. Al'adar Emmett ce, bayan kowane zane sai ya saki bidiyon yadda ya yi shi daga layin farko zuwa na ƙarshe, cikin sauri, da ɗan kiɗa. Kuma shi ba ya iya zana ƙofa ko taga daga kansa, sai ya shimfiɗa hoto na gaske a ƙasa ya bi samansa. A daƙiƙa huɗu na farkon bidiyon, kafin ya rufe hoton da layuka, ga ƙofar nan ɓaro-ɓaro: lamba goma sha huɗu, furannin takarda masu sunayen yara, da rubutun Misis Tillery, sunan auren Rhonda. Uwar wani yaro a ajin ta tsayar da bidiyon ta ɗauki hoto, ta kai ƙara. Kafin la'asar ya zagaye garin.

"Bidiyon zan duba," Emmett ya ce. "Amma na biyun ba zai yiwu ba."

"Za ka duba."

"Goge shi ba zai dawo da shi ba, Ron. Kowa ya sauke."

"To rubuta takardar. Layi uku ne. Ba su da wata shaida sai kai. Na ce ban buɗe ba, ba wanda ya gan ni. In ka ce ƙarya ka shirya, shi ke nan, za su ja mini kunne a kan hoton su bar ni."

"In ce na yi ƙarya."

"E."

"Kin san abin da ke rubuce ƙarƙashin kowane zane nawa? 'Wannan ya faru.' Shekara shida. Shi ne duk abin da nake da shi. Masu zanen da suka fi ni hannu sun kai dubu, amma babu mai wannan layin sai ni."

"Ni kuma shekara goma sha tara."

"Na sani."

"In suka tabbatar na yi ƙarya a takarda, ba kora kaɗai ba ce. Lasisina za su karɓe. Ba zan sake tsayawa gaban aji ba ko a ƙauyen da ba shi da suna."

Ya ɗaga kafaɗa. Wannan ɗaga kafaɗar tun yana shekara biyar take son ta karya ta.

"Ai kin buɗe," ya ce.

"Me ka ce?"

"Na ce kin buɗe ƙofar. Ni na buɗe? Matar nan da ta kai ƙara ba ta yi ƙarya ba. Da abin na gaske ne, da yanzu hotunan yara ashirin da biyu ne jere a jikin shingen makaranta da kyandirori."

"Da kai ne za ka bar shi a waje?"

"Ni ba na yanke hukunci. Zane nake yi."

"Kana jin ƙananan hannuwa suna dukan katako. Yana cewa don Allah, don Allah. Shi bai san atisaye ba ne, Emmett. Yana jin 'yan sanda suna jijjiga ƙofofi suna ihu daga can kwana. Shi a ransa mutuwa ce ke tahowa."

Emmett ya zuba mata ido. Idanunsa suka ɗan ƙanƙance. Wanda bai san shi ba sai ya ce jikinsa ne ya yi sanyi. Rhonda ta san shi. Ta kalli hannunsa na dama, ya riga ya lallaɓa ya ɗauki alƙalamin.

"Kai! Rubutawa kake?"

"'Don Allah, don Allah.' Ba ki faɗi wannan ranar Lahadin ba."

Ta fizge alƙalamin ta yi jifa da shi. Ya daki bango ya faɗa bayan akwatunan riguna.

"Wannan ya fi takalmanki tsada," ya ce.

"Allah wadaranka."

"Ki kwantar da hankalinki. Dubi nan." Ya juya mata allon. Ɗan Tafki ne, wannan karon an sa masa rigar ruwa da takalman roba, ƙofar ƙarfe tana kafa allon gargaɗi a gefensa. "Na Talata ne. Mutane na ta roƙo ya dawo. Wani kamfanin littattafai a Chicago na so ya zama shi ne a bangon littafina. Abin da ya rage mini fuskar ce, ban gamsu da ita ba. Yaya yake? Yana da giɓi? Gilashi?"

"Ba zan gaya maka ba."

"Ba sunansa nake tambaya ba. Kunnuwa kawai."

"Ko za ka yanka ni ba zan gaya maka ba."

"Kwamiti ma za su tambaye ki."

"Su ma ba zan gaya musu ba."

"To kin ga, ke ce mai taurin kan. Da kin kawo yaron da uwarsa, ya yi ɗan kuka a gabansu, da rabin zauren ya bi bayanki. Amma a'a, sai dai ƙaninki ya kashe sana'arsa."

Jama'a, ni dai na rasa irin zuciyar wannan mutum. An ce naka sai naka, amma wani nakan gara bare.

Rhonda ta ja numfashi. Da ta sake magana muryarta ta sauka, irin wadda take yi wa yaro mai birgima a ƙasa.

"Emmy. Ka tuna kotu?"

"Kada ki fara."

"Lokacin da matarka Carissa ta sake ka ta ce ba za ka ƙara ganin Junie ba sai da mai sa ido. Wa ya tsaya gaban alƙali?"

"Ron."

"Wa ya ɗaga hannu ya rantse cewa kai uba ne na gari? Na san ka bar ta a mota ka shiga kanti ka manta da ita rabin sa'a kana zana mai sayar da kifi. Na sani, amma na rantse. Na yi maka ƙarya gaban alƙali don 'yarka ta riƙa kwana gidanka sati bibbiyu. Yau layi uku nake roƙo."

"Wannan daban."

"Ina bambancin?"

"Kuma ribar me na ci? Asabar biyu ke nan ba ta zo ba. Yau ciwon ciki, gobe ciwon kai. Uwarta ke zuga ta."

Rhonda ta kalle shi.

Sai ta yi abin da bai taɓa gani ba. Ta ajiye jakar, ta durƙusa a kan kafet ɗin da ya cika da ɓawon gyaɗa da guntayen takarda, mace mai shekara arba'in da huɗu, ta kama gwiwarsa.

"Don Allah. Ban iya komai ba sai wannan aikin. Mijina Darrell ya tafi, ban haihu ba, ajin nan shi ne gidana. Don darajar Mama, Emmy. Don darajar Baba da ke kwance."

A nan kam ya ji wani abu. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ji. Ya tuna ita ce ta riƙa raka shi makaranta tana riƙe da hannunsa, ita ce ta fasa wa wani yaro baki don ya yaga masa littafin zane. Ya kau da kai ya kalli taga.

"Tashi, Ron."

"Sai ka ce to."

"Ki tashi. Ko na so ba zan iya ba yanzu."

"Ban gane ba."

"Da kin zo jiya."

Ta saki gwiwar tasa a hankali.

"Me ka yi?"

"Kin san Dex Holloran? Mai zanen kuliyoyin nan marasa ban dariya? Ya fito ranar Alhamis ya ce wai daga wurinsa na saci rahar danna ɗaya, danna biyu. Ya ce duk 'wannan ya faru' ɗina ƙarya ce. Mutanensa suka yi mini caa. Ɓarawo suke ce mini, Ron. Ni."

"Emmett, me ka yi?"

"Na ba su shaida."

"Wace shaida?"

"Muryar."

"Wace murya?"

Ya sosa ƙeya. Sai a lokacin ya tuna ita ba ta sani ba.

"Ta ranar Lahadin. Ina ɗan naɗar murya ne in muna cin abinci. Kin ga wayata da nake kifawa kusa da gishiri? Ba na iya riƙe yadda kike faɗin abu, kuma a yadda kike faɗa ne dariyar take."

Ta miƙe tsaye.

"Kana naɗar mu."

"Don aiki ne."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu. Ko biyar."

"Kowace Lahadi?"

"Kusan."

"Ranar da Mama ta gaya mana abin da likita ya gani a ƙirjinta?"

"Ban yi amfani da wannan ba."

"Ranar da na ce muku Darrell ya kwashe kayansa?"

"Wannan ɗan kaɗan ne, kuma na mayar da shi butum-butumin shara. Kin ma yi dariya."

Ta rufe bakinta da hannu.

"Ki tsaya ki ji," ya ce da sauri. "Ba kowa na sakar wa ba, 'yan ciki kawai, masu biya. Da ƙarfe takwas na safen nan. Kuma ni ba wawa ba ne, na gyara. Na cire sunanki, na cire sunan makaranta, na canza muryoyin. Ko Mama ba za ta gane kanta ba. Ji."

Ya danna. Wata siririyar murya ta fito daga lasifika, kamar agwagwa ta sha iska, tana cewa, "Sai na ji ana buga ƙofar, na ce a raina kada ki tashi, kada ki tashi, sai na ga na riga na tashi." Wata agwagwar ta ce, "Wayyo 'yar nan." Ta uku ta fashe da dariya. Wannan ta ukun shi ne.

Har yanzu da yake saurare sai da gefen bakinsa ya motsa.

"Kin ji? Ba mai gane ki."

"Duk garin ya san 'yar'uwa ɗaya gare ka."

"Sani daban, shaida daban."

"Ka sa muryata ina cewa na buɗe. Kwana biyu kafin zama."

"Muryar agwagwa."

Rhonda ta matso ta zuba wa allon ido. A ƙasan akwai dogon layi mai nuna tsawon naɗin, ɗigon yana tafiya a hankali daga hagu.

"Minti nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya."

"Labarin bai kai haka ba."

"Minti goma sha biyu ne. Na bar sauran don kada Dex ya ce na yi yanke-yanke. Ƙarar cokula ce kawai."

"Ka saurara?"

"Me zan saurara a ƙarar cokula? Ni daga inda aka yi dariya nake tsayawa, kullum haka nake aiki. Abin da ya biyo bayan dariya ba shi da amfani."

"Bayan na gama ka tashi daga tebur."

"Na fita baranda shan taba."

"Ka daɗe."

"Ina tsara gidajen zanen a kaina."

"Wayar fa?"

"Me?"

"Wayar, Emmett. Ka fita da ita?"

Sai ya tuna a kan tebur ya bar ta.

Rhonda da ta ce ba zama ya kawo ta ba, sai ga ta ta zame a kan tulin takardun da ke kujera, ko ture su ba ta yi ba.

"Mutum nawa suka ji?"

Ya duba. "Dubu uku da ɗari biyu. Ron, mene ne?"

"Kai shi minti na goma sha uku."

"Ki faɗa mini mana."

"Na ce ka kai shi!"

Ya ja ɗigon. Ƙarar kujera. Ƙarar ƙofar baranda ta rufe. Cokali ya taɓa faranti, ya sake taɓawa. Emmett ya juyo zai ce kin gani, sai agwagwa ta biyu ta yi magana ƙasa-ƙasa. Mama ce.

"Rhonda, kalle ni. Ni na haife ki. Wannan rawar hannun ba ta ɗan wasu ba ce. Wane yaro ne?"

Agwagwa ta farko ta amsa.

"Ba yaro ba ne, Mama. Na ce yaro ne don kada Emmett ya gane."

"Wace ce?"

"Junie ce."

Emmett ya kai hannu zai tsayar, Rhonda ta damƙe wuyan hannun.

"A'a. Mutum dubu uku sun ji. Kai ma sai ka ji."

Agwagwar ta ci gaba, tana kuka, kuma na'urar ta mayar da kukan wani abu mai kama da dariya.

"Ta fita za ta banɗaki ƙararrawar ta kaɗa. Ta koma ajinsu malamarsu ta ƙi buɗewa. Ta bi barandar tana buga ƙofa ɗaya bayan ɗaya, Mama, ƙofa shida. Sai ta tuna da tawa. Tana cewa Anti Rhonda ni ce, Anti Rhonda ba na so in mutu. Na ɓoye ta a kabad ɗin riguna, na ba ta wandon ajiya na wani yaro. Shekararta bakwai, Mama."

"Ya Ubangiji. Uwarta ta sani?"

"Ba wanda ya sani."

"Me ya hana ki gaya wa ubanta? Ga shi nan a baranda."

"Ta roƙe ni. Ina goge mata ƙafafu ta riƙe mini wuya. Ba ta ce kada in gaya wa uwarta ba, ba ta ce kada in gaya wa malamarsu ba. Cewa ta yi, 'Anti Rhonda, kada ki gaya wa Baba. Zai zana ni.'"

Ƙofar baranda ta buɗe a cikin lasifikar. Agwagwa ta uku ta shigo da fara'arta.

"Akwai sauran kaza?"

Rhonda ta saki hannunsa.

Bai san lokacin da ya faɗa kan allon ba. Ya danna nan ya danna can, ya buɗe abin da bai yi niyya ba. Goge. Ka tabbata? Ya tabbata. Naɗin ya ɓace. Amma sharhin mutane yana nan a ƙasa, yana ta hauhawa.

Ku saurara daga minti goma sha uku.

Tsaya, Junie ba ita ce 'yarsa ba? Wadda ya sa hotonta ranar Kirsimeti?

Na riga na sauke, ga shi nan ga wanda bai samu ba.

Ɗan Tafki ashe 'Yar Tafki ce, na mutu.

Ɗana ajinsu ɗaya.

"Ron," ya ce. "Ron, ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Na sani."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Da kin faɗa ai da ban..."

"Da ba ka me ba?"

Ya koma ya kalli sharhin da ke ta hauhawa.

"Sati uku ina jin ana ce mini mai kashe yara a wurin ajiye motoci," ta ce. Babu sauran kuka a muryarta. "Kalma ɗaya zan faɗa rabin garin nan ya yafe mini. 'Yar ƙanina ce. Ban faɗa ba. Na zaɓi in rasa ajina da in bar yarinyar nan ta zama abin nuni. Yanzu ka haɗa ka ƙona duka biyun kafin ka sa wando."

"Zan gyara. Zan rubuta takardar, zan ce duk shiri ne, zan ce 'yan wasa na ɗauka suka karanta..."

"Rubuta. Kai ne gwanin."

Ta ɗauki jakarta. Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga gwiwoyinta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Wayarsa ta fara ruri a kan tebur. Sunan Carissa ne a fuskarta.

Ya kalle ta kamar maciji. Ta yi ruri har ta gaji ta katse. Ta sake somawa.

"Ɗauka," Rhonda ta ce.

"Ba zan iya ba. Ron, don Allah, ke ki yi mata magana. Ke take ji. Ki ce mata..."

Rhonda ta ɗauki wayar. Ya sauke ajiyar zuciya. Sai ta danna amsa, ta buɗe lasifika, ta kamo hannunsa ta ɗora masa ita a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Carissa," ya ce, "ki saurare ni, kafin ki ce komai..."

Numfashi ne kawai ke fitowa, ƙarami, mai sarƙewa. Ba na Carissa ba ne.

"Baba?"